Hedfon ɗina baya ƙara a laftof kuma caja na sa shi zzzz, DAC zan saya ko amf?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu ilimin kayan sauti ku taimaka min da shawara kafin in je in zuba kuɗi a abin da ban gane kansa ba.

Ni editin nake yi, bidiyon biki da walima da tallan shaguna, in azumi ya zo kuma ni ke gyara rikodin ɗin tafsirin masallacin unguwarmu, in rage ƙarar fanka da hayaniyar yara in yanka shi kashi-kashi a watsa a WhatsApp. Toh yayana da ke Jamus ya aiko min da hedfon, Beyerdynamic DT 770 Pro mai 250 ohm ɗin nan mai nannaɗaɗɗiyar waya, yace shi ake aiki da shi a situdiyo a can. Kaya kam ya yi kyau wlh, yana rufe kunne ruf baka jin komai na waje. Amma abu biyu ke damuna.

Na farko, in na jona shi a laftof sai na kai bolum 100 sannan nake jin abu sama-sama, waƙa da sauƙi tunda su dama da ƙarfi ake fitar da su, amma rikodin ɗin Malam da aka ɗauka da waya daga sahu na uku sai in ta danna hedfon ɗin a kunne da hannu biyu, kuma bes ɗin babu nauyi sam. Alhali wani ɗan iyafis mai araha da nake da shi a bolum 30 ma ya cika min kunne.

Na biyu, da zarar na jona caja sai wani zzzz ya taso ƙasa-ƙasa, in na motsa maus har wani tsi-tsi-tsi yake yi yana bin hannuna, in a janareta muke kuwa abin ya fi muni. Ina cire caja shiru. Kuma kun san aikin cire hayaniya, in kayan aikinka da kansu suna hayaniya ta ina zaka gane wacce ce ta rikodin wacce ce ta laftof?

Wani abokina yace DAC zan saya, wani yace a'a amfilifaya ce maganina, na leƙa intanet kaina ya ƙara ɗaurewa, wannan yace ESS wancan yace AKM, ga 32bit/768kHz, ga DSD, ga balanced. A kasuwa kuma an nuna min wani ɗan sawun kad na USB mai rami biyu kore da ja akace shi ma DAC ne. Abin da zan iya kashewa bai wuce kwatankwacin dala 100 ba, in ta kama dole in lallaɓa zuwa 130 haka. Windows 10 nake. Wuta kuma kun san halinta, yawancin aikina a batir nake yi ko ɗan ƙaramin janareta. Me zan saya dan Allah?

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Kurna. Abokan naka duk sun faɗi gaskiya, kowa gefe ɗaya ya kama. Rashin ƙarar aikin amf ne, zzzz ɗin kuma nan ne DAC ta waje ke shigowa. Sautin da ke cikin kwamfuta lambobi ne zalla, DAC ce ke juya su su koma 'yar wuta mai hawa da sauka, amf kuma ta ƙara wa wutar ƙarfi har ta iya motsa lasifikar da ke cikin hedfon. Laftof ɗinka tana da su duka biyun a ɗan cif guda a jikin madabod, yawanci na Realtek ne, kuma cif ɗin kansa ba shi da wani laifi, wajen zamansa ne matsalar, yana maƙwabtaka da furosesa da layukan caji, duk motsin da suka yi sai ya ɗan zubo masa. Shi ya sa kake jin maus a kunnenka.

Zo mu yi lissafi, don shi ne zai hana a cuce ka a kasuwa. Hedfon ɗinka 250 ohm ne, kamfanin kuma sun rubuta masa 96 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), wato in ka bashi 1mW zai bada ƙara 96 dB. Ka ɗauki ohm mai yawa kamar siririn tiyo, ruwa kaɗan yake sha amma sai famfo mai matsi sosai ke iya tura ruwan ciki, matsin nan shi ne bolt. Lissafin kuwa bolt sau bolt a raba da ohm. Abin da ke fitar da 1V zai ba hedfon ɗinka 1 a raba da 250, wato 4mW, ƙara kusan 102 dB. Zaka ce ai 102 da yawa ne, eh da yawa ne in waƙar zamani ce da aka matse ta ta cika taf, amma wannan ƙololuwa ce ba matsakaici ba, rikodin ɗin da aka ɗauka daga nesa zai iya zama ƙasa da ƙololuwa da 20 ko 25 dB, ka ga ka dawo wajen 80 ko ƙasa, kuma laftoci da yawa ko 1V ɗin basa kaiwa. Masu harkar suna so a samu sarari har 110 dB, ba wai don a saurara a haka ba, don kar sauti ya fashe in an zo wajen da ya yi sama. 110 dB a hedfon ɗinka na buƙatar kamar 25mW, wato 2.5V kenan. Wannan lambar ka riƙe. Duk abin da aka nuna maka ka duba takardarsa, yana kai 2.5V zuwa sama? An rubuta aƙalla 25mW a 250 ko 300 ohm? Kar ka kalli lambar 32 ohm da suke bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, ba taka ba ce.

Tunda a batir kake yawan aiki, ka nemi wanda DAC da amf ke haɗe a akwati ɗaya kuma yake cin wuta daga USB kaɗai, ba mai adaftar bango ba, ko an ɗauke wuta aikinka na tafiya. Guda biyu na sani sosai a kuɗinka. Akwai FiiO E10K, tsohon hannu ne, na wani kamfani a Guangzhou, wajen dala 75 aka fito da shi, cif ɗinsa PCM5102 na Texas Instruments, yana da ɗan makunni na GAIN mai ƙara ƙarfin sauti a baya da na bes a gaba. Yana kaiwa kamar 2.6V, daidai bakin layi kenan, su kansu kamfanin 16 zuwa 150 ohm suka rubuta masa. Zai yi maka aiki amma babu rara. Sai Topping DX1, ya fito 2022 a dala 99, cif AK4493S, shi yana bada wajen 50mW a 300 ohm, kusan 3.9V, ga babban rami 6.35 da ƙarami 3.5 duk a gaba, ga ramukan RCA na fitar da sauti a baya in wata rana ka sayi lasifikan situdiyo. Da ni ne da kuɗinka da hedfon ɗinka DX1 zan ɗauka.

Maganar ESS da AKM, kamfanonin da ke ƙera cif ɗin DAC, ka cire ta a ranka. A watan Oktoba 2020 masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan ta yi gobara, cif ɗinsu ya yi wuya, kamfanoni da yawa suka koma ESS da Cirrus Logic, FiiO K5 Pro da K3 duk an sake fito da su da ESS a ciki kuma mutane suka ci gaba da saurarensu lafiya lau. In wanda ya haɗa akwatin ya san aikinsa, kurakuran cif na zamani suna can ƙasa da abin da kunnen ɗan Adam ke kamawa. 768kHz ɗin ma haka, yawan lambobin sautin ne a daƙiƙa ɗaya, kunne baya wuce 20kHz, CD da 44.1kHz ɗinsa yana ɗaukar har 22kHz, bidiyonka kuwa 48kHz ne. Balanced kuma, wato haɗin da kowane kunne ke da nasa wayoyin daban, bai shafe ka ba ko kaɗan, wayar DT 770 Pro a manne take ba a cire ta, kanta kuma na gama-gari ne, ramin 4.4 na balanced ba zai maka amfani ba sai an farke hedfon an sake masa waya, toh kar ka biya kuɗin ramin da baza ka jona ba.

Ɗan sawun kad mai kore da ja kuwa, eh DAC ce, amma an yi ta ne don wanda ramin laftof ɗinsa ya mutu yana son ya yi kiran Zoom. Ƙarfinta bai fi na laftof ɗin ba, wani lokacin ma hayaniyarta ta fi.

Abba_Tech ya rubuta:

Oga Injiniya girmanka ne amma ni inaga kafin bawan Allah ya kashe dala ɗari ya fara gwada dongul ɗin Apple mana, USB-C zuwa 3.5 ɗin nan, dala 9 ne fa kacal kuma cikakkiyar DAC ce da amf a cikin ɗan kan nan, Amir mai shafin awon kayan sauti na Audio Science Review ya ɗora ta a na'urar awo ta fito tas ta doke abubuwan da suka ninka ta kuɗi, tana aiki a Windows ba sai an saka direba ba, in laftof ɗinsa bata da USB-C ya sa ɗan adafta shikenan, ragowar kuɗin ya sayi hadis ko ya ƙara RAM tunda editin yake. A wannan zamanin da dala ta zama abin da ta zama dala 90 ba wasa bane wlh.

Sai dai Yaya Ɗan Kurna ka kula iri biyu ne, na Amurka A2049 shi ke bada 1V, na Turai A2155 rabin haka yake bayarwa saboda dokar kare kunne ta can, so kar ka ce wa yayanka ya aiko daga Jamus don na Turai zai samo maka. Kuma jabunta ya cika kasuwa, farar waya iri ɗaya kwali iri ɗaya, in ka ji farashin ya yi arha da yawa ka ajiye.

Wai ma wace laftof ce? Don in MacBook Pro ce daga 2021 zuwa sama ramin hedfon ɗinta da kansa yana gane mai ohm da yawa ya bashi har 3V ba sai an sayi komai ba. Au na ga kace Windows 10, toh ba ita ba ce.

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Abba ƙanena maganarka a kan hanya take, dongul ɗin tana da tsabta ƙwarai, ni ma ina da ita a jaka don iyafis. Zata iya kashe masa zzzz ɗin. Amma koma kan lissafin, na Amurka 1V ce, 102 dB a ƙololuwa, na Turai rabin bolt, 96 dB. Kukansa na farko shi ne rikodin mai rauni baya fitowa, 1V kuma bata yi wa abin da laftof ɗinsa ke bayarwa nisa sosai ba. Da mai 32 ohm aka aiko masa da na ce ya sayi dongul ya huta.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Injiniya wlh yau na fahimci abin da ohm ɗin nan ke nufi. Abba nagode, zan nemi dongul ɗin ma ko don waya. Akwai abin da ban faɗa ba, wani lokacin masu shaguna kan ce in ɗora musu murya a talla, yanzu da waya nake ɗauka in tura laftof amma ina da niyyar sayen makirfo na gaske nan gaba. Shin DX1 ɗin ana jona masa makirfo? Sannan hedfon ɗin in mutum ya furta s ko sh yana ɗan sukar kunne, musamman muryar mata a bidiyon biki, amf ɗin zai gyara wannan?

Maman Ilham ta rubuta:

Salam. Malam Ɗan Kurna tunda akwai maganar makirfo toh dakata tukuna. DX1 da E10K da dongul duk fitar da sauti kawai suke, basa shigar da shi. Ni shirye-shiryen rediyo da fodkas nake haɗawa a Kaduna kuma abin da ke kan teburina intafes ne, Focusrite Scarlett Solo, jan akwatin nan da kake gani a kusan kowane situdiyo. Shi ma DAC da amf ne a ciki, shi ma da USB kaɗai yake cin wuta, amma ga ramin XLR na makirfo, ga 48V in makirfo irin kondensa mai buƙatar wuta ka saya, ga wani maɓalli da ke sa ka ji muryarka nan take lokacin da kake ɗauka ba tare da ta makara ba, wanda duk ya taɓa ɗora murya yana jin kansa na biyo shi a baya ya san wahalar da nake faɗa.

Amma ba zan ɓoye maka ba, intafes kuɗinsa rabuwa yake, wani kaso ya tafi wajen makirfo wani wajen hedfon, don haka ramin hedfon ɗinsa bai kai na DX1 ƙarfi ba. Ni Sony MDR-7506 nake sawa, 63 ohm, nob ɗina ko rabi baya kaiwa. Naka 250 ne, a zubi na uku na 2019 sai ka murɗa can sama kafin rikodin mai rauni ya cika, zubi na huɗu da ya fito 2023 sun ƙara wa wajen ƙarfi. MOTU M2 ya fi su a wannan fannin amma ya haura kuɗinka, Behringer UMC202HD kuma ya fi sauƙin kuɗi kuma rami biyu ne da shi. Ka ɗauki hedfon ɗin da laftof da wannan rikodin ɗin na Malam ka je situdiyon wani da ka sani, Kano ai ba a rasa ba, ka roƙi arziƙi ka jona ka ji da kunnenka.

Wani abu kuma da ba a taɓo ba, kuma a ganina ya fi duk sayen akwatin nan muhimmanci ga aikin tafsirin. Rikodin ɗin ne mai rauni tun asali. Kafin ka fara komai ka buɗe shi a manhajar Audacity ka yi masa Normalize, wato ɗaga ƙarar fayil ɗin gaba ɗaya, zuwa -1 dB, nan take zai taso, sannan ka fara cire hayaniya. Kuma azumi mai zuwa in Allah ya kai mu kar a sake ɗauka daga sahu na uku, ka yi magana da mai kula da lasifikar masallacin, yawancin amfilifayoyin masallaci suna da ramin fita a baya, REC OUT ko LINE OUT, a ja waya daga nan zuwa intafes ko rakoda, muryar Malam zata shigo kai tsaye daga makirfonsa, fanka da tarin jama'a da kukan yara duk su koma can nesa. Ranar da na fara yin haka a wani taron lacca aikin da ke cin min yini guda kafin la'asar na gama shi. Don wannan kaɗai ni intafes zan ce ka saya.

MaiGyara_Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum, ina gaida mutanen Kano da Zazzau. Ni gyaran rediyo da ampli da talabijin nike yi nan Maraɗi, bari in sa baki ga zancen zzzz ɗin nan don wanga ba koyaushe DAC ke kashe shi ba.

Malam kace in ka cire caja shiru, toh cajar ita ce abin tuhuma ta farko. Ta asali ce ko ta kasuwa? Ire-iren na kasuwa in ka buɗe cikinsu zaka ga gurbin koyil da kondensa na tace wuta babu kowa, zanensu na nan bisa allon amma an sa 'yar waya ta tsallake wurin don a rage kuɗi, duk dattin wutar sai ya wuce cikin laftof. Ka ari caja ta asali wurin wani ka gwada kafin ka sayi komi. Na biyu, in cajar mai ƙafa uku ce tana buƙatar soket mai layin ƙasa na gaskiya, gidaje da yawa nan da can waya biyu kawai aka ja, ƙafa ta ukun a banza take, janareta ƙarami kuwa ba a ma maganar. In ka taɓa ƙarfen laftof kana jin ɗan girgiza a yatsa lokacin caji toh alamar kenan. Kuma dan Allah kar wani ya ce maka ka karya ƙafar ƙasa ko ka naɗe ta da salatif wai hayaniya ta tafi, wannan ƙafar ita ke tsare ranka in wuta ta zubo.

DAC ta USB daga laftof ɗin take shan 5V ɗinta, ƙasansu kuma ɗaya ne. In hedfon kaɗai ka jona mata yawanci zzzz shina ɓacewa don masu kyau suna tace wutar da kansu. Amma ranar da ka ja RCA zuwa lasifikan da ke jone a bango hanya ta biyu ta buɗe, sai ka ji shi ya dawo, a nan sai ka sa laftof da lasifikan bisa ekstenshan guda. Akwai 'yan na'urorin raba ƙasa na USB masu arha, masu cif ADuM3160, amma 12Mbps kawai suke wucewa kuma wutar da suke bayarwa kaɗan ce, akwati irin DX1 ba lallai ya tashi da su ba, kar ka yi oda da gaggawa.

Sai gargaɗi ga duk mai karanta wannan, don na ga ana yaba amf ɗin Schiit Magni da JDS Labs Atom a intanet, kuma kaya ne masu kyau na Amurka. Adaftarsu ba irin ta laftof ba ce, taransifoma ce zalla mai nauyi a hannu. Amurka 120V da 60Hz suke, mu nan Nijar da ku Najeriya 220 zuwa 230V da 50Hz. In ɗan'uwa ya sayo maka na kasuwar can ka soka a bango zata ƙone, sai an zaɓi mai 230V tun wurin oda. Ka riƙa juya adafta ka karanta bayanta, in an rubuta 100-240V lafiya lau, in 120V kaɗai ce kar ka soka. Inbata mai arha kuma, wadda wutarta ba santsi gare ta ba, tana sa irin wannan taransifomar gurnani da zafi. Shi ya sa na yarda da Injiniya, ga mai zama da batir da janareta abin da ke ci daga USB ya fi kwanciyar rai, batirin laftof ɗin shi ke tsakaninsa da haukan wuta.

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Hajiya Maman Ilham ta kawo magana mai nauyi, ta jan waya daga amfilifayar masallaci ban ma kawo ta a raina ba kuma ita ce gyaran gaske. Toh Malam Ɗan Kurna ga yadda nake gani. In makirfon cikin 'yan watannin nan zaka saya, ɗauki intafes ka haƙura da ƙarancin rara, in ka yi Normalize zai ishe ka. In kuwa niyya ce kawai ta wata rana, DX1 yanzu. Mutane da yawa ƙarshe duka biyun suke haɗawa a tebur.

Sukar s da sh ɗin nan kuwa babu amf ɗin da zai cire ta, halin hedfon ɗin ne, DT 770 yana da tudu a sama-saman sauti, masu situdiyo ma wasu don shi suke sonsa tunda yana tona tsaki da shhh na rikodin. In ya dame ka saukar da Equalizer APO da Peace, manhajojin daidaita sauti ne na kyauta a Windows, ka nemi saitin hedfon ɗinka a AutoEq na Jaakko Pasanen ko na oratory1990 ka loda. Abin lura, saitin zai rage maka ƙara gaba ɗaya da 'yan dB don kar sauti ya fashe, kuma duk 6 dB da aka rage rabin bolt ɗinka ne ya tafi, a nan ne rarar 3.9V zata yi maka rana, a nan ne kuma 1V ɗin dongul zata gaza. Sannan Equalizer APO baya taɓa sautin da ya bi ta ASIO, wato direban da ke kai sauti kai tsaye ba ta Windows ba, in ka zaɓi ASIO a manhajar editin zaka ji hedfon ɗin yadda yake.

In kayan ya iso, Windows 10 tun fitowar 1703 ta 2017 tana gane irin waɗannan da kanta, amma ka saka direban kamfanin in kana son ASIO. Shiga saitin sauti ka sa 24bit 48000Hz tunda bidiyo kake, ka kashe duk wasu enhancements, bolum na Windows ya zauna a 100 ka riƙa juyawa da nob. Kafin ka soka hedfon ko ka cire, nob ya koma ƙasa.

Kuma dan Allah ka ji tsoron Allah a kan kunnenka, da shi kake cin abinci. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyaka 85 dB na awa 8, duk ƙarin 3 dB lokacin ya rabu biyu, a 100 dB minti 15 ne kacal. DX1 ɗin nan zai iya kai hedfon ɗinka sama da 110. Haɗarin ma shi ne ka ɗaga nob don rikodin mai rauni ka manta ka danna waƙar biki, don haka duk sanda zaka canza fayil ka fara sauke shi.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Na ari cajar maƙwabcina ta asali kamar yadda Malam na Maraɗi yace, wlh zzzz ɗin ya ragu sosai saura ɗan tsi-tsi na maus kawai, so caja zan fara canzawa. Normalize ɗin ma na gwada Hajiya, muryar Malam ta taso. Makirfo sai bayan sallah in Allah ya hore, amma zancen jan waya daga amfilifayar masallaci zan samu ladanin masallacin gobe in duba bayanta ko akwai ramin. In akwai inaga intafes zan fara saya kafin azumi DX1 ya biyo baya. Tambaya ɗaya ta rage, ramukan USB na laftof ɗina biyu ne kawai, ɗaya maus ɗaya hadis, zan iya jona shi ta hob? Kuma ba zai shanye min batir ba?

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Bashi raminsa shi kaɗai kai tsaye, maus da hadis su koma hob, in da hali hob mai adaftarsa saboda hadis ɗin. Ramin USB 2.0 500mA yake bayarwa a 5V, wato 2.5W in an ƙure, sikirin ɗinka in ka cika haskensa ya kan ci fiye da haka, batir zai ɗan ragu amma ba abin da zai tsayar maka da aiki ba. In ka je wajen ladan ka ɗauki hoton bayan amfilifayar ka ɗora mana nan, daga shi zamu faɗa maka irin wayar da zaka saya, ko RCA ce ko babban jak.